Akwatin kayan haɗa sarƙa na masu koyo: abinda na gani bayan shekara ɗaya da rabi ina sana'a

Duk wadda taji cewa da hannuna nake haɗa sarƙoƙi da 'yan kunnen da nake siyarwa tambaya ɗaya take min, wai da me kika fara. To amsar dai wani akwatin roba ne mai ɗaki-ɗaki, irin saitin nan da ake yiwa masu koyo, filaya da waya da duwatsu da ƙugiyoyi duk a waje ɗaya, a jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro wai abu dubu da ɗoriya ne a ciki. Bazan kama sunan masu shi ba, dan daga baya naga irinsa sak har guda huɗu da sunaye daban daban, launin kwali ne kawai ya raba su, saboda haka duk wanda ya faɗo hannunki a cikinsu inaga maganar bazata canza sosai ba.

Ni dama tun ina ƙarama hannuna baya zama haka kawai, in sarƙa ta tsinke a gida ni ake miƙawa, in tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya a ƙasa in sake zura su. Ba da niyyar neman kuɗi na siyi akwatin ba wlh, sha'awa ce kawai. Sai wata ƙawata taga wasu 'yan kunne a kunnena tace a ina kika samu, nace ni nayi, tace ƙarya, nace to zauna ki gani. A gabanta na haɗa mata wasu, ta tafi dasu wajen aiki, kafin sati ya zagayo mutum uku sun aiko a yi musu. Daga nan ne abin wasa ya fara zama gaske, kuma daga nan ne na fara ganin inda akwatin yake da kyau da inda zai iya kunyata mutum.

Farko dai maganar dubu da ɗoriyar nan kar ta ruɗe ki. Kowane ɗan ƙaramin zoben haɗi an ƙirga shi abu ɗaya, kowane ɗan dutse kamar ƙwayar yashi shima ɗaya. In kika ware abinda zaki iya haɗawa cikakke, nawa ya bani abin hannu wajen goma sha biyu, sarƙa biyar, 'yan kunne kamar goma, sai maƙullan sarƙa suka ƙare alhali duwatsu ko rabi banci ba. Maƙulli shi ne yake fara ƙarewa, kuma shi suka fi yiwa rowa.

Filaya uku ce a ciki. Mai zagayen baki, wadda ake lanƙwasa waya da ita ayi ɗan ido, ita kam sai dai nace madalla, har yau da ita nake aiki, bakinta yana haɗuwa daidai baya gocewa kuma sifirin ɗinta bai mutu ba. Wata dabara da na koya a kanta, tunda bakin siriri ne daga gaba yana kauri zuwa baya, in baki kama waya a waje ɗaya ba duk idon da kikayi girmansa daban zai fito, ɗan kunne ɗaya yafi ɗan uwansa tsawo. Sai na ɗau alƙalamin maka na ɗiga alama a jikin bakin, shikenan kullum nan nake ɗora waya.

Ta biyu mai shafaffen baki ita ce ta fara ɓata min rai, cikin bakinta haƙora ne kamar filayar masu gyaran wuta, duk wayar da ta kama sai ta bar mata zane, in wayar mai ruwan gwal ce kuma take zata kankare ruwan. Filayar kayan ado cikin bakinta sumul ya kamata ya zama. Na daɗe ina naɗe bakin da salatif kafin na haƙura na siyi ta kirki. Sannan guda ɗaya suka sa, alhali buɗe zoben haɗi filaya biyu yake so, ki kama gefe da gefe ki murɗa, hannu ɗaya ya zo wajenki ɗaya yayi gaba, ba wai ki ja shi ki wage bakin ba. In kika wage shi ya tashi daga zagaye, ko kin matse bazai koma ba, nan ne zaki ga sarƙa ta zame ta faɗi a hanya mai ita bata sani ba. Ni da farce nake riƙe ɗaya gefen har farcen babban yatsana ya tsage, wai ni mai dabara.

Ta ukun mai yanka waya, Allah sarki, sati biyu tayi a duniya. Kuma abin haushin abinda ya kashe ta a cikin akwatin yake. Akwai wata waya da take zuwa a nannaɗe kamar sifirin, wadda ko kin buɗe ta take komawa yadda take, ana abin hannu da ita ba sai da maƙulli ba. Ashe ƙarfe ne mai tauri sosai, mayankinta daban ne. Ko layi ɗaya basu rubuta ba na gargaɗi. Na danna naji ƙas, na duba naga ta fitar da giɓi a bakin filayar, daga ranar duk wayar da na sa sai dai ta tauna ta. Da na siyi sabuwa ne ma na gane cewa mayanki na kirki gefe ɗaya yake yanka a shafe ɗaya gefen ya bar tsini, to shafaffen gefen zaki juya wajen abinda kike haɗawa, in ba haka ba tsinin nan shi zai dinga kama gyale ko ya karci wuyan mutum.

Duwatsun kuwa a gauraye suke, masu kyau da tarkace. Na gilas ɗin ba laifi, zaki ji su da sanyi da ɗan nauyi a hannu, in kika ƙwanƙwasa a haƙori suna ƙara. Na robar kuwa fayau, daga nesa suna ƙyalli amma in aka riƙe an san roba ce. Ƙananan nan da ake saƙa dasu sune matsala, wani siriri wani ƙato wani ma ramin a toshe, in zura su kawai zakiyi a zare babu damuwa amma ranar da na gwada saƙa mai zane sai abin ya fito a karkace kamar an taka shi. Na ɗauka hannuna ne bai iya ba har na kusa haƙura da saƙa gaba ɗaya, sai da na samu na kamfanonin Japan, Miyuki da Toho, da na kamfanin Preciosa na ƙasar Cek, naga yadda suke zama layi ɗaya reras. Lambar girmansu kuma a juye take, 11/0 wanda yake wajen milimita 2 yafi 8/0 ƙanƙanta, iya girman lamba iya ƙanƙantar dutse. Akwai wasu shuɗaye masu jijiya baƙa da aka rubuta musu turkuwaz, wani dutse ne mai daraja, ɗaya ya fashe min a filaya naga cikinsa fari fat, rini ne kawai a baya. Da ban gani ba da na faɗawa mai siya abinda ba shi ba, ina ganin gaskiya na faɗa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abinda yasa na zauna nake wannan dogon rubutun shi ne ƙarafan, wato ƙugiyar ɗan kunne da maƙulli da zoben haɗi da siririyar sarƙar da suka sa a ciki. Ranar da na buɗe akwatin sune suka fi ɗaukar min ido, rabi ruwan gwal rabi ruwan azurfa sai walƙiya suke. A wata na biyu da fara siyarwa wata baiwar Allah ta turo min hoton wuyanta, layi kore shar daidai inda sarƙar take kwanciya, sarƙar kuma ta koma wani ja-ja kamar tsohon kwabo. Ban gama jin kunyar wannan ba sai ga ƙanwar ƙawata, kunnenta ya kumbura yana ƙaiƙayi har yana ɗan ruwa, tace Anti tunda na sa 'yan kunnenki nake haka amma bana son na faɗa kiji babu daɗi. Wlh ranar ko bacci ban iya ba. Na maida musu kuɗinsu, na bi duk wanda na siyarwa ina tambaya, na samu ƙarin mutum biyu da suka yi shiru kawai suka ajiye abin. Masu shirun nan su suka fi tsorata ni, dan mai ƙorafi ko ba komai ta baki damar gyarawa.

Sai na shiga bincike, naga ashe abu biyu ne daban. Koren nan daga jan ƙarfe yake, ko tagulla wadda ita ma jan ƙarfe ce aka haɗa da tutiya, in ya haɗu da gumi da turare da man shafawa sai ya bar kore a fata, yana fita da sabulu, ba ciwo bane amma wa zai yarda ya biya kuɗi a rina masa wuya. Ruwan gwal ɗin da aka shafa a sama kuwa siriri ne ƙwarai, sau da yawa ko maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, bai kai ba, gashin kai ma ya ninka shi kauri sau da yawa, shi yasa 'yan makonni ya goge. Ƙaiƙayi da kumburin kuma yawanci nikel ne, wani ƙarfe da ake sawa a haɗin ko a shafa a ƙarƙashin ruwan gwal ɗin, jikin mutane da yawa baya ɗaukarsa musamman mata masu hudar kunne, kuma in jiki ya riga ya fara ƙinsa yawanci shikenan har abada. Abin ba wasa bane tunda Tarayyar Turai tun 1994 ta kafa doka a kai, abinda zai daɗe a jikin fata kar ya fitar da nikel sama da maikirogiram 0.5, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, a kowane murabba'in santimita a sati, wanda ake zurawa a huda kuma daga baya aka tsaida shi a 0.2. Nawa akwatin ko kalma ɗaya babu a kan irin ƙarfen da ke ciki. Akwai wani ruwan gwaji da ake ɗigawa a auduga a goga a jikin ƙarfe, in da nikel audugar zata koma ruwan hoda, na siya na gwada ƙugiyoyin, ai kuwa kamar na goga janbaki. Na kawo maganaɗisu kuma ya kwashe zoben haɗin nan kaf, wato baƙin ƙarfe ne akayi wa kwalliya, shi yasa wasu suka fara tsatsa tun suna cikin ɗakinsu.

Na rubutawa masu siyarwar, sai bayan kwana tara suka amsa, cikin ladabi dai ba laifi, suka bani haƙuri suka ce zasu turo wasu. Sun turo kuwa, irinsu sak. Tambayar da nayi ta wane ƙarfe ne har yau ba amsa.

Yanzu ga abinda nake amfani dashi ga duk abinda zai taɓa fata. Na yau da kullum sitenles mai lamba 316L, baya tsatsa baya kore, shima akwai nikel a haɗinsa amma a ɗaure yake baya fita sosai shi yasa yawancin mutane basa jin komai, wadda jikinta yake da tsanani kuwa wani ƙarfe da ake kira taitaniyom nake sa mata a kunne. Sitenles yana da tauri, sai kin sa ƙarfi wajen buɗe zoben, hannu yana gajiya. Sai azurfa mai hatimin 925, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce sauran 7.5 yawanci jan ƙarfe ne dan tayi ƙwari, ita tana yin baƙi in ta sha iska saboda sinadarin salfa, amma gogewa ɗaya da ƙyalle take dawowa, ina faɗawa kwastoma tun kafin ta biya dan kar ta zata jabu na bata. Mai son kalar gwal kuma akwai wanda ake lulluɓe tagulla da gwal mai kauri, a ƙa'idar Amurka sai gwal ɗin ya kai kashi 5 cikin ɗari na nauyin abin, zaki ga an buga 1/20 14K a jiki, wannan yana shekaru bai koɗe ba. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma tunda na koma kansa ba wanda ya sake turo min hoton wuya.

Wayar lanƙwasawa da suka sa ma ba lamba a jikinta, ni kuma bansan ma tana da lamba ba. Lambar kaurin waya geji ake ce mata, ita ma a juye take, geji 20 wajen milimita 0.8 ce ita ake ƙugiyar kunne da ita, 22 wajen 0.6, 24 wajen 0.5 ta naɗe duwatsu, 26 wajen 0.4 ta saƙa da ƙananan abubuwa. Tasu inaga 26 ce ko kusa da haka, nayi ta yin ido da ita yana buɗewa da an ɗan ja. Wayar zura duwatsu kuma, wadda take siraran ƙarfe aka murɗe aka rufe da leda, tana zuwa mai sili 7 da 19 da 49, iya yawan silin iya laushinta. Ta akwatin mai tauri ce, in ta lanƙwashe sau ɗaya ta karye kenan alamar bazata fita ba, sarƙa sai ta tsaya ƙiƙam a wuya maimakon ta kwanta. Zaren robar dai ya yi, shi kam na yaba, in dai kin ja shi sosai kafin ki zura duwatsu dan ya gama miƙewarsa, ki ɗaure da ƙulli mai zagaye biyu ki ɗiga gam kaɗan ki tura ƙullin cikin ramin dutse. Abin hannun da nayiwa kaina dashi tun farko yana nan bai tsinke ba.

Ɗan littafin da ya zo dashi hotuna ne masu kyau da zane guda takwas, kuma gaskiya da shi na koyi yin ido da jera kala. Amma babu awo a ciki ko ɗaya, sai da na ɓata kaya na gane sarƙar da ke zama a gindin wuya wajen santimita 40 ce, wadda aka fi siya 45, abin hannu kuma ki auna wuyan hannun ki ƙara santimita ɗaya da rabi ko biyu, in duwatsun manya ne ki ƙara fiye da haka dan kaurinsu yana cinye faɗin ciki.

Wani abu kuma da akwatin ya jawo min ba tare da laifinsa ba, ya lalata min lissafi. Da yake komai a dunƙule na siya bansan nawa kowane abu ya tsaya min ba, sai nake sa farashi da ka, in naga mutum ya ɗan yamutsa fuska in rage. Wata uku ina murna ana siya, da na tashi sake siyan kaya ɗaya ɗaya sai naga kuɗin hannuna basu kai ba, ashe kyauta nake ta yi ina godiya. Yanzu littafi gareni, kowane zane da shafinsa, dutse nawa ya ci, waya santimita nawa, maƙulli, leda da katin da nake saƙalawa, har da wanda ya lalace a wajen aiki. Sannan ina kunna agogon waya in na fara, abin hannu na roba minti ashirin ne, sarƙar saƙa kuwa sai ta cinye min awa uku zuwa huɗu, da duk kusan kuɗi ɗaya nake sa musu dan duwatsunsu kusan ɗaya ne, kiji wauta. Na kuma rage yawan kala-kalar da nakeyi, akwatin yana sa ki ji kamar komai sai kin taɓa, yanzu zane shida gareni da na iya su ido rufe, sauran sai an bada oda.

To in tambayata akayi a siya ko kar a siya, ya danganta da me zakiyi dashi. In so kike ki gwada ki ga ko hannunki da haƙurinki zasu iya, ki siya kanki tsaye, tauraro huɗu cikin biyar na bashi a nan, dan gara ki ɓata waya mai araha sau ɗari kina koyon ido ɗaya da ki ɓata azurfa, kuma akwatin kansa mai ƙwari ne murfinsa baya buɗewa duwatsu su gauraye. In kuma kin riga kin yanke siyarwa zakiyi, biyu ma da ƙyar, ki ɗau kuɗin ki siyi filaya mai zagayen baki ɗaya, masu shafaffen baki sumul guda biyu, mayanki mai kyau, waya geji 20 da 24 mai lamba a jiki, ƙugiya da maƙulli daga wajen wanda zai iya faɗa miki sunan ƙarfen, sai duwatsu kala uku ko huɗu kawai. Kayan zasu zo kaɗan babu wani dubu da ɗoriya, amma duk abinda kika haɗa zaki iya miƙawa mutum ba tare da gabanki yana faɗuwa ba.

Nawa akwatin yana nan a kan tebur, na juye tarkacen na zuba nawa kayan a ɗakunan. Ragowar ƙugiyoyi da zobban kuma na tara su a wata 'yar kwalba na manna takarda na rubuta na gwaji ne, in zan fitar da sabon zane dasu nake fara haɗawa in ga yadda zai zauna, in ya yi sai in warware in sake da na kirki. Rannan 'yar yayata ta zo ta ga kwalbar tace Anti ki bani mana tunda bakya so, nace ɗauki duwatsun duka ki haɗa da filaya mai haƙora, kwalbar dai ki bar min ita a nan.